Albashin Mamaci

Ni Maman Lawali, shekara tara na yi ina komi, wato magatakarda, a biron kumandan na Maradi, ina rubuta sunayen ma'aikata da abin da kowa ke ɗauka ƙarshen wata. Mutane na cewa ina da zafin kai da saurin baki. To, ina da su, ban musa ba. Amma abin da ya faru a bazarar 1952 ya rufe mani baki ruf, har yau in na tuna sai in ji tsigar jikina ta tashi.

Kafin wannan shekara, albashin gwamnati tsani uku ne, kuma ba a tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Na sama na Turawa ne. Na biye na waɗanda suka yi babbar lakkwal, makarantar boko, can bakin teku. Na uku namu ne, ƴan ƙasa masu ɗan karatu. Can ƙasa kuma, inda ko tsanin babu, sai ƴan wucin gadi: masu gadin waya, masu sharar biro, masu kai wasiƙa. Su abin da kumandan ya ga dama shi ne kuɗinsu, kuma ranar da ya tashi da ciwon kai yana iya ce ma mutum ya tafi gida.

Sai ga sabuwar doka ta taso daga Faransa, ta yi watanni a Dakar, ta sauka Yamai, daga nan aka ɗoro mana ita a kamyo, babbar motar wasiƙa. Dokar ta ce kowane ma'aikaci za a ba shi lamba gwargwadon aikinshi da shekarun da ya yi yana yi. Lambar nan kamar awon hatsi ce: gwamna ya yanka farashin tiya guda, kai kuma a duba tiya nawa gare ka, abin da ya fito shi ne albashinka. In rayuwa ta yi tsada a ɗaga farashin tiyar, kowa ya tashi tare. Duk shekara biyu mutum ya hau mataki ɗaya, ga ƙari saboda mata da ɗiya. Ɗan wucin gadin da ya cika shekara goma sha biyar a bakin aiki za a ɗora shi kan tsani, ya samu kuɗin tsufa ranar da ƙarfi ya ƙare. Wanda bai cika ba kuma ya haura arba'in da haihuwa, sai a ce mashi Allah ya kiyaye hanya.

Kai, ka ga gari ya ɗauka! Tun ba a biya kowa ko tamma ba teloli na Sabon Gari suka ƙara kuɗin ɗinki, masu gidajen haya suka fara gaishe mu da murmushin da ban yarda da shi ba. Ni kuwa aka jibge mani aikin jaki: in buɗe takardun kowane ma'aikaci, in kira shi, in gwada shi da tsohon katinshi na kamanni, in ƙirga shekarunshi, sannan in rubuta matakin da ya dace da shi a aika Yamai a sa hannu.

Ranar wata Alhamis da hantsi na kira Jibo mai gadin waya. Duk Maradi babu wanda bai san shi ba. Kullum yana tafe da ƙarafan hawa a kafaɗa, daga Maradi zuwa Tsibiri, ya juyo ya bi ta Jiratawa, yana duba sandunan da gara ta ci da wayar da raƙuma suka tsinka. Mutumin Jiratawa ne, daga gidan Anna masu bin addinin kakanni. Mai fara'a ne, ga tsokana, in ya shigo biro sai ya tambaye ni yaushe zan yi ƙiba kamar sauran masu alƙalami.

Ya zauna, ya ɗora hannuwanshi biyu kan teburina. Na zaro katinshi, wanda aka rubuta a Tasawa tun 1924, lokacin bariki na can. Na karanta: Jibo ɗan Maidawa, haifaffen Jiratawa, dogo, ƙaramin yatsan hannun hagu ya guntule. Na ɗaga kai na dubi teburin. Na ƙirga. Na sake ƙirgawa. Yatsu goma cif, ko farce bai ɓace ba.

Na ce, "Baba Jibo, ɗaga mani hannunka na hagu."

Ya ɗaga yana dariya. "Yau kuma duba za ka yi mani, Mushe?" Haka ake kiran ɗan boko, kalmar girmamawa ce ta Faransanci.

"Ina ka samo wannan?"

"Wanne?"

"Ƙaramin yatsa mana! Takarda ta ce babu shi. Ko tsirowa ya yi da damina?"

Ya kwashe da dariya har da buga cinya. Ya ce, "Wo! Ai wannan na Yaya ne. Shi lauje ya sare ma yatsa muna yara."

"Wane yaya?"

"Jibo mana."

"To kai wane ne?"

"Ni? Talle."

Alƙalami ya suɓuce daga hannuna, tawada ta ɓata mani rabin shafi. Na tashi na tura ƙofa na rufe. Shi kuwa yana zaune abinshi, yana kallona kamar ni ne mai taɓin hankali.

Ya ba ni labari ba tare da ko ɗar ba. Jibo wanshi ne, shi aka ɗauka aiki. A daminar 1929 maciji ya sare shi a gindin sandar waya kusa da Tsibiri, bai kai yamma ba. Da aka share makoki dattawan gida suka miƙa ma Talle kayan mamaci: hauya, gona, ɗiya huɗu, da jakar aiki da ƙarafan hawa. Washegari ya saɓa ƙarafan ya bi layi. Ƙarshen wata ya shiga sahu, aka kira Jibo, ya amsa, ya dangwala yatsa, aka ba shi. Baturen da ke biya a lokacin ko kai bai ɗaga ba.

Ya ce, "Ƙane ke gadon wa, Mushe. Gonarshi na ɗauka, ɗiyanshi na ɗauka, to aikin Bature kaɗai zan bari ya lalace? Duk Jiratawa an sani, rabin Tsibiri ma an sani. Ba wanda ya ce laifi ne."

Nan fa zafin kan nawa ya taso. Na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Shekara ashirin da uku kana cin albashin mamaci, kuma kana faɗa mani kana dariya? Ka san abin da takarda za ta ce? Za ta ce Jibo ya yi shekara biyar ya mutu. Talle kuwa bai taɓa yin aikin gwamnati ko na yini ɗaya ba, ya haura arba'in, ba a ɗaukarshi. Wannan in an yi maka da sauƙi ke nan. In ba a yi ba, gidan kaso za ka da sunan ɓarawo!"

Dariyar ta ɗauke daga fuskarshi. Can ya ce, a hankali, "Ɓarawo? Amma ni na hau sandunan, Mushe. Wayar nan ta taɓa kwana a tsinke?"

Ba ta taɓa ba, kuma na sani. Na kuma san baki goma sha ɗaya ke ci daga hannunshi, nashi da na wanshi da jikoki. Ya nuna mani gwiwoyinshi, sun kumbura suntum, ya ce bana da ƙyar yake kai rabin sanda ba tare da ya tsaya ya huta ba. Shekara biyu ko uku suka rage mashi a hawa. In bai hau tsanin nan yanzu ba, ranar da gwiwoyin suka ƙi gaba ɗaya zai koma gida hannu rabbana. Tausayinshi ya kama ni, haushinshi kuma bai sake ni ba. Na ce ya tafi, kada ya faɗa ma kowa, ko matarshi.

Da la'asar na nufi unguwar Zariya wurin Idirisa tafinta, wanda ke juya ma Turawa magana a gidan shari'a. Na same shi ƙofar gida yana gyaran fitila. Na zayyana mashi komai. Ya ajiye fitilar ya riƙe haɓa, ya ce, "Tabɗi! Kankare katin mana."

Na ce, "Akwai tagwayenshi a Yamai."

Dabarar ni na kawo ta, ba zan ɗora ma kowa ba. Akwai takardar shari'a da ake yi ma wanda ba a rubuta haihuwarshi ko mutuwarshi ba: a kawo shaidu gaban ƙaramin kumandan, su faɗa, ya sa hannu, shi ke nan ta zama gaskiya. Na ce sai mu ce ranar da aka ɗauki Jibo aiki tare suka je da ƙanenshi, komin Tasawa ya ruɗe ya rubuta kamannin ƙanen. Mai guntun yatsa Talle ne, shi ne maciji ya sara. Wanda ke raye Jibo ne. Da haka shekara ashirin da takwas za su hau kanshi, har da biyar ɗin da bai yi ba.

Idirisa ya dube ni. Ya ce, "Maman, kashe mai rai fa za mu yi."

"A takarda! Tawada ce kawai, wa ta taɓa kashewa?"

"Sabon Baturen nan ba ya sa hannu sai ya ji daga bakin iyaye. Uwarsu na da rai?"

Tana da rai. Ranar Lahadi da safe na hau keke, Talle na biye da ni a ƙasa, muka nufi Jiratawa. Muka tarar da tsohuwar, sunanta Baturiya, zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ta tsufa tukuf, amma bakinta kaifi gare shi. Tun daga nesa ta ɗaga murya.

"Talle! Talle na ƙin wanka! Yau wane maraya ka kwaso mani, siriri haka kamar karan dawa? Ba su ba ku abinci a barikin?"

Ya durƙusa ya gaishe ta, ta dungure mashi kai, ta jawo ƙwaryar furarta ta tura mashi. Mutum mai shekara arba'in da shida, da furfura a gemu, ya zauna jikinta yana shan fura tana cire mashi ƙaiƙayi daga hula. Autanta ne, ubanshi ya mutu tana goyonshi, shi ya sa aka sa mashi Talle. Cikin ɗan zaman da muka yi ta kira sunan nan ya fi sau ashirin.

Na gyara murya na yi mata bayani, tun daga doka har zuwa shaida. Hannunta ya tsaya cak a cikin gyaɗar.

Ta ce, "Kai yaro, maimaita. In tashi gaban Bature in ce wa ya mutu?"

"Inna, a takarda ce kawai. Kalma ɗaya za ki faɗa, a rubuta, ki dawo gida. Babu abin da zai canza."

"Da rantsuwa?"

"Babu rantsuwa, Inna. Na ga an yi irinta ta fi ɗari, tambaya kawai ake yi."

Ban yi ƙarya ba, haka na saba gani. Ta juya wurin ɗanta ta ce, "Kai fa, kana so?"

Ya sunkuyar da kai. "Inna, gwiwoyina sun fara ƙi. In suka sallame ni ban san abin da zan ba yaran nan ba."

Ta dubi gwiwoyin, ta dube ni, irin kallon da ban so ba. Ta ce, "To."

Ranar Talata aka zauna shari'a. An kawo tsohuwar bisa jaki tun da sassafe, Anna uku na rakiyarta. Zafi ake kamar me, gabas ta fara haɗa gajimare amma ruwa bai sauka ba tukuna. Ƙaramin kumandan na zaune a tsakiya, saurayi ne sabon zuwa, jajir da shi, gumi na ɗiga daga hancinshi. Dama da shi malami, hagu da shi wani dattijon Anna, su ne masu ba shi shawara kan al'ada. Idirisa na tsaye yana juya magana, ni ina gefe da babban littafi. Shaidan farko Ɗanasabe ne, wani tsohon abokin aikin Jibo daga Tsibiri, wanda na sha wahala kafin ya yarda. Ya faɗi abin da muka shirya yana kallon ƙasa, muryarshi kamar ta mai zazzaɓi.

Baturen ya juya katin gaba da baya. Ya dubi hannun Talle. Ya taɓe baki ya yi magana, na ga fuskar Idirisa ta sauya tun kafin ya juya ta.

Idirisa ya ce, "Ya ce labarin yatsan nan ya yi mashi daɗi da yawa. Amma uwa ba ta ruɗewa da ɗiyanta. In tsohuwa ta rantse da abin da take tsoro, zai sa hannu."

Dattijon Anna ya jawo jakar fatar akuya daga ƙarƙashin kujera, ya kwance bakinta, ya fito da gatarin aradu, baƙin dutsen nan mai santsi da suke cewa tsawa ke jefowa. Ya ajiye shi bisa tabarma. Anna ukun da suka rako tsohuwar suka ja da baya har bango. Wallahi ban taɓa ganin an fito da shi a ɗakin nan ba sai ranar.

Talle ya yunƙura zai tashi, gardi, ɗan sandan bariki, ya danna kafaɗarshi ya zaunar da shi. Ya juyo yana nemana da ido. Kalma ɗaya in ya faɗa, shi da Ɗanasabe da Idirisa da ni duk gidan kaso za mu kwana. Ni mai baki, ni mai zafin kai, me na yi? Na sunkuyar da kai cikin littafi ina gyara bakin alƙalamin da babu abin da ya same shi. Tsoro ne, ba wani abu ba.

Aka kama hannun tsohuwar aka kawo ta gaban dutsen. Ta durƙusa da ƙyar. Dattijon ya faɗa mata kalmomin rantsuwar: in ta yi ƙarya, aradu ta ci ta, ta ci abin da ta haifa da abin da suka haifa. Ta ɗora tafin hannunta kan dutsen.

Idirisa ya ce, "Inna, Bature ya ce ki faɗi sunan ɗanki wanda ke raye."

Shiru. Aka maimaita, shiru. Baturen ya fara buga tebur da yatsa. Sai malamin ya matsa ya yi mashi bayani cewa Jibo ɗan fari ne, kuma mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta kallon idonshi, ko a gida balle cikin taro. Baturen ya ɗaga kafaɗa ya ce to ta faɗi sunan wanda ya mutu.

Ta juya kai a hankali ta dubi Talle. Ta daɗe tana kallonshi, tun daga hula har ƙafa, ba ta ko ƙifta ido. Ɗakin ya yi tsit, har kukan jakinta ana ji daga waje. Sannan ta mayar da fuskarta kan dutsen.

Ta ce, "Talle. Autana Talle ya mutu. In ƙarya nake, aradu ta ci ni, ta ci abin da na haifa da abin da suka haifa."

Ni na rubuta da hannuna. Baturen ya sa hannu, ya buga hatimi, ya kira shari'a ta gaba, rigimar wata akuya. Da muka fito tsohuwar ta wuce mu ba ta dubi kowa ba. Aka ɗora ta kan jaki suka kama hanya. Talle ya so ya bi ta, amma tun da safe an ba shi umarnin ya tafi da ma'aikata hanyar Tasawa, inda iska ta kayar da sanduna, kamyo na jiranshi. Na ce mashi, "Bar ta ta huce. Tsofaffi haka suke, kwana biyu ta manta."

Sati uku ya yi a can. Kafin ya dawo amsa ta iso daga Yamai: Jibo ɗan Maidawa, shekara ashirin da takwas a bakin aiki, an ɗora shi kan tsani, mataki ɗaya ya rage mashi ya kai ƙololuwa. Albashinshi ya ninka har da ɗoriya, ga na ɗiya, ga kuɗin tsufa na jiranshi, ga sabon kaki mai maɓallan ƙarfe. Na karanta takardar sau uku ina jin kaina wani gwani. Tsoron da na ji a gidan shari'a duk ya bi iska.

Da ya dawo na karanta mashi. Ya rungume ni har ƙafafuna suka bar ƙasa. Ya shiga kasuwa ya sayo ma uwarshi turmin atamfa da sukari da goro, ya sa sabon kakin, ya ce lallai sai na raka shi ta sa mani albarka. Ban ɓoye maku ba, na tafi ina lissafin kazar da za a yanka mani.

Mun isa Jiratawa bayan azahar, hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas. Tun a bakin gari na ga abin da ban gane ba. Mutanen da ke zaune gindin tsamiya suka miƙe, suka sunkuyar da kai, suka ce, "Sannu da zuwa, Jibo."

Ya yi dariya ya ce, "Kai, ku bari! Wannan sunan na bariki ne. Nan gida ne."

Ba wanda ya taya shi dariyar. Muka wuce. A bayan gidansu, gefen wani tsohon kabari da ciyawa ta rufe, sai ga sabon tudun ƙasa, an kewaye shi da ƙaya. An karya hauya an ɗora a kai, an kife ƙwarya. Ya tsaya turus.

Ya ce, "Wa ya mutu? Wannan ai hauyata ce. Wa ya mutu ba a aiko mani ba?"

Matarshi Lami ce ta fito, idanunta sun kumbura. Ta durƙusa nesa da shi, ta faɗa mashi da ƙyar. Ranar da tsohuwar ta dawo daga Maradi ta tara dattawa, ta sa aka haƙa rami, aka binne tsohuwar rigarshi da tabarmarshi. Aka yi kuka, aka dafa giyar makoki, aka yi kwana bakwai ana karɓar gaisuwa. Duk abin da ake yi ma mamaci an yi, ba a rage ko ɗaya ba.

Subhanallahi! Shi kuwa ya saki kayan da ke hannunshi, goro ya watse, ya ruga cikin gida yana ɗingishi, ina biye.

"Inna! Inna, ni ne! Talle ne, ga ni!"

Tana zaune bakin ƙofar ɗakinta. Da ta ji muryar sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ta ba shi baya. Ba ta yi mashi magana ba, surukarta ta kira.

"Lami, ki ce ma babban gidan nan ya daina kiran sunan mamaci. Bai ga hadari ba?"

Ya zube a ƙasa da sabon kakin, ya kama bakin zanenta. Ta janye shi a hankali. Nan na kasa haƙuri, na matso na ce, "Haba Inna! Haba! Wannan wane irin abu ne? Na faɗa maki takarda ce kawai. Ga ɗanki da ranshi da lafiyarshi, an ƙara mashi albashi, tsufanshi ya tsira. Dube shi mana!"

Ni ta juyo ta duba, ta buɗe fuskar. Ta rame cikin sati ukun nan har na tsorata.

Ta ce, "Kai ne yaron da ya ce babu rantsuwa."

Ta nuna ni da yatsa.

"Kai da tawada ka rubuta, ni da aradu na rantse, a kan duk abin da ke numfashi cikin gidan nan. Muddin Talle na kwance bayan gida, gaskiya na faɗa, aradu ba ta da abin kamawa. Ranar da na amsa ma wannan, na zama maƙaryaciya. To kai mai ilimi, zaɓar mani. Cikin jikokin nan wanne kake so ta fara ɗauka?"

Sai aka yi wata tsawa can nesa, ta wajen gulbi. Matan gidan suka kwashi yara suka yi ɗaka da gudu. Tsohuwar ta dafa bango ta miƙe, ta shige ɗakinta ta saki asabari.

Ya ɗago ya dube ni, ƙasa duk ta ɓata mashi gemu. Ya ce, "Mushe, mayar masu da kuɗin. Ka ce ban so. A ba ni sunana."

Me zan ce mashi? Takarda ta tafi Yamai da hatimi. Ko da za ta dawo, mu tafi gidan kaso mu huɗu, rantsuwar ba ta dawowa, an riga an ɗora hannu kan dutse. Garin neman gira na rasa mashi ido.

Daga cikin ɗakin muka ji ta fara kuka. Ba kukan al'ada ba ne na a ji a gani, kuka ne na uwar da ta rasa ɗa. Tana kiran autanta, tana faɗin yadda ta goya shi babu uba, yadda yake shan fura a ƙwaryarta, tana tambaya wa zai rufe mata ido yanzu. Shi yana zaune a ƙasa, taku biyu daga asabarin, yana saurare.

Ana haka wani tsoho maƙwabcinsu ya shigo da sanda. Ya yi tafiya ne lokacin makokin, ranar ya dawo, ya zo sauke nauyi. Ya cire takalmi, ya tsuguna gaban mutumin, ya kama hannunshi da hannu biyu.

Ya ce, "Jibo, ashe haka Talle ya yi mana? Sannu da rashin ƙane. Yaya haƙuri?"

Mai gadin wayar ya ɗago kai. Ya dubi asabarin, ya dubi ɗakin da aka shigar da yaran, ya dubi sama inda hadarin ya riga ya rufe rana.

Ya ce, "Haƙuri da godiya."